Neman shawara: ilimi ne ke kawo kuɗi da lafiya, ko dai tare kawai suke tafiya?

Ɗalibar Masta: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. Ina rubuta aikin masta a kan tasirin shekarun karatu ga albashi da lafiyar mutum, na yi rigireshan irin na Mincer, wato lissafin ƙididdiga da ke auna alaƙar shekarun karatu da albashi, sakamako ya fito tsaf, wanda ya fi daɗewa a makaranta ya fi samu kuma ya fi ƙoshin lafiya, amma sufabaiza duk inda na rubuta "yana haddasa" sai ya soke da jan biro wai alaƙa kawai na nuna. Na saka shekaru, jinsi, birni ko ƙauye, har ilimin iyaye a cikin lissafin. To me ya rage kuma? Ni dai ba zan raba yara gida biyu in hana rabi makaranta don gwaji ba. Ta ina zan ɓullo?

Malamin Ƙididdiga: Wa alaikumus salam. Ƙanwata malaminki na da gaskiya fa. Abin da ya rage shine wanda baya cikin datarki, kaifin ƙwaƙwalwa, naci, irin gidan da mutum ya taso. Yaro mai naci shi ke jurewa har jami'a, kuma ko bai je ba da wuya ya rasa abin yi, kinga wani kaso na kuɗin da kike jingina wa makaranta dama nasa ne. Ta fannin lafiya abin ya fi cakuɗewa don yana iya zuwa ta baya, yaron da ke yawan ciwo shi ke barin aji da wuri, sai ya girma ba karatu ba lafiya, alhali ciwon ne ya fara. Ki nemo wani abu da ya ƙara wa wasu karatu ba da zaɓinsu ba. Angrist da Krueger a 1991 lokacin haihuwa suka duba, a Amurka wanda aka haifa farkon shekara yakan shiga makaranta da ɗan girma, sai ya kai shekarun da doka ta yarda ya bari tun bai yi nisa kamar sauran ba, kuma ba wanda ya zaɓi watan haihuwarsa.

Mai Nazarin Tattali: Malam a gafarce ni amma kar ta bi wannan hanyar ido rufe. Bound, Jaeger da Baker sun nuna a 1995 cewa tasirin watan haihuwa a kan karatu ƙarami ne ƙwarai, har suka ƙirƙiri watannin bogi da kwamfuta suka samu sakamako mai kama da na asali. 'Yar uwa ki karanta aikin Esther Duflo na 2001. Gwamnatin Indonesiya ta gina firamare sama da 61,000 a shekarun 1970, wasu yankuna sun samu da yawa wasu kaɗan, sai ta kwatanta yaran da suka riski makarantun da waɗanda suka riga suka wuce shekarun shiga, ta samu ribar shekara ɗaya ta karatu tsakanin kashi 6.8 zuwa 10.6 cikin ɗari na albashi. Shi ya fi kama da abin da za ki iya.

Baƙon Zaure: Tagwaye fa? Ashenfelter da Krueger sun je taron tagwaye a Twinsburg ta jihar Ohio sun tattara bayanai, jini ɗaya gida ɗaya karatu daban.

Malamin Ƙididdiga: Yana da kyau, sai dai tambayar da ke biyo baya ita ce me ya sa ɗaya ya ci gaba ɗaya ya tsaya? In rashin lafiya ce mun koma gidan jiya.

Anti Likita: Ɗiyata ni ɓangaren lafiyar ne ya dame ni, kar ki ɗauka tunda karatu na ƙara albashi to dole ya ƙara tsawon rai. Lleras-Muney a 2005 ta yi amfani da dokokin tilasta karatu na Amurka ta ga raguwar mace-mace sosai, amma Clark da Royer a 2013 da suka duba Birtaniya inda aka ɗaga shekarun barin makaranta daga 14 zuwa 15 a 1947, sannan zuwa 16 a 1972, kusan ba su ga wani canji a lafiya ba duk da yara da yawa sun ƙara zama a aji. Kuma ki sani irin wannan sakamakon yana magana ne kawai a kan waɗanda dokar ta tilasta wa zama, ba kowa da kowa ba, wallahi nan ɗalibai ke yawan zarce gona da iri a babin ƙarshe.

Ɗalibar Masta: Na gode sosai Allah ya saka da alheri. To in ban samu irin wannan doka a datar tawa ba fa?

Mai Nazarin Tattali: Sai ki rubuta alaƙa, ki faɗi ta wane ɓangare kike zaton lissafin ya karkata da dalilinki, ba abin kunya bane. Amma kafin nan duba aikin Osili da Long na 2008, sun ɗauki shirin firamare kyauta na Najeriya na 1976 suka auna tasirin karatun mata ga yawan haihuwa da salo irin na Duflo. Buɗe datarki yanzu ki ga ko akwai shekarar haihuwa da yankin da mutum ya yi yarinta, ba inda yake zaune yau ba, don masu karatu su suka fi yin ƙaura kuma hakan kaɗai ya isa ya ɓata miki lissafi. In akwai su turo sunayen ginshiƙan datar mu duba tare.