Wandon kariya na hawa bishiya da injin zarto: A zan saya ko C?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum. Shekarata ta shida ke nan ina rage rassan bishiya a Kaduna, yawanci dogon yaro da mangwaron da suka yi wa rufin gida yawa. Da adda na fara, yanzu ina hawa da ƙaramin inji, Stihl MS 194 T, mai mariƙi a sama. Ba zan ɓoye muku ba, wandon jins nake sawa.

Makon jiya a Unguwar Rimi na yanke wani reshe, sai ya juya ta inda ban zata ba. Garin kaucewa, sarƙar da ba ta gama tsayawa ba ta shafi bayan ƙafata ta hagu, ƙasa da gwiwa kaɗan. Jins ɗin ya yage kamar takarda. Allah Ya taƙaita, ɗinki biyar aka yi mini, amma maiɗakina ta rantse ba zan ƙara hawa haka ba.

Yayana zai zo daga Ingila ƙarshen shekara, ya ce in zaɓi wando ya taho mini da shi. Na duba na ga akwai A, akwai C, ga kuma lamba 1 da 2 da 3. Wanne ne na mai hawa? Abin da ya fi damuna zafi. Wanda ya san ranar watan Maris a Kaduna ya san abin da nake nufi.

Mai Igiya:

Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Aikin nan nake yi a Ingila, kuma raunin naka ma ya ba ka amsa.

Wando nau'in A gaban ƙafa yake karewa, da ɗan ƙari na santimita 5 ta gefen hagu na kowace ƙafa, don ta nan inji ya fi zuwa idan mutum yana tsaye a ƙasa. C kuwa ya zagaye ƙafar gaba da baya. A ƙasa injin yana gabanka. A sama ba haka ba ne: ka rataya a igiya, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a naɗe, kana yanka ta gefenka ko ta ƙarƙashinka. Da A ka saka ran nan, da wannan ɗinki biyar ɗin dai za a yi maka. Shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta nan, HSE, take cewa mai aiki da inji a kan bishiya ya saka C.

Lambobin kuma gudun sarƙar da aka gwada wandon da shi ne. Aji na 1 mita 20 a daƙiƙa, na 2 mita 24, na 3 mita 28. Kusan duk masu hawan da nake aiki da su aji na 1 suke sawa, don da zarar lamba ta hau, nauyi da kauri sun hau. Ka ce wa Yaya ya duba tambarin ciki: hoton injin zarto a cikin garkuwa, da rubutun EN ISO 11393-2. Tsofaffin kaya za ka ga EN 381-5.

Amma ka sani ba sulke ba ne. Abin da ke ciki dogayen zaruruwa ne sako-sako, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Sarƙa na yage yadin sama sai haƙoranta su fizgo zaren, ya tafi ya cushe a haƙoran da ke juya sarƙar, ta maƙale. Idan ka danna wuta har ƙarshe ka kafa injin a cinyarka, zai iya ratsawa.

Tsohon Gandu:

Yaro, Mai Igiya ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar ƙasar sanyi. Ni na yi shekaru ina sare turare a gandun daji kafin gwiwa ta ajiye ni, kuma na taɓa saka C a bazara. Kafin azahar takalmina ya jiƙe da zufar da ke gangarowa ta ciki, kaina yana juyawa. A ƙasa nake, sai na nemi inuwa na zauna. Kai da ke saman dogon yaro, in jiri ya ɗebe ka ina za ka zauna?

Abin da na gani da idona shi ne, yaran da aka ba su wando mai nauyi kwana uku suke sawa, na huɗu ya koma ƙarƙashin kujerar mota. Don haka ban ce kada ka sayi C ba. Na ce ka nemi mafi rashin nauyi da kuɗin yayanka zai kai, mai zif na shan iska a bayan cinya, kuma ka sauya lokacin aiki. Ka hau da an sallame asuba gari ya yi haske, ƙarfe 11 ka sauko. Mai gida zai yi ƙorafi. Bar shi ya yi, ba ƙafarsa ba ce.

Abu biyu kuma. Kada ka sayi na gwanjo ko da a kyauta aka ba ka, ba ka san ko inji ya taɓa cin sa aka lulluɓe da faci ba. Sannan ka yi nesa da tela. Wani yarona wandonsa ya yi masa tsawo, ya kai aka rage, telan ya bi da keke ya ɗinke har cikin zaren, ya kawo shi yana alfahari da kyan aikinsa. To zaren da aka ɗaure ta yaya zai zaro ya shaƙe inji? Wando ya tashi aiki. Faci a yadin sama kaɗai ake yi, ba a taɓa na ciki.

Mai Igiya:

Baba, ban musa ba. Su ma HSE ɗin sun yarda a saka A a sama idan an auna an ga haɗarin zafi ya fi yawa. Ni dai da nake da biyu, A na fitowa ne ranar da nake ƙasa ina yayyanka abin da aka sauko da shi.

Ɗan Kawo, ka duba Clogger Zero, kamfanin New Zealand ne, don wuraren zafi suka yi shi. Akwai kuma Pfanner da SIP Protection da Arbortec. Kowannensu ka karanta tambarin da kyau, don suna ɗaya kan zo da A da C duka. Ka aika wa Yaya awon ƙugunka da tsawon ƙafarka ta ciki, da tef, ba da ka ba. Sannan ka tuna bel ɗin hawa zai zauna a kan wandon: ka nemi mai tsawon baya don kada ya zame in ka sunkuya, mai yadi da ke miƙewa a gwiwa da tsakanin cinyoyi, kuma aljihunsa na cinya ne mai zif. Aljihun ƙugu bel ne zai danne shi, wanda ba zif kuma garin katako zai cika.

Ɗan Kawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Wani ya nuna mini irin wanda ake ɗaurawa a kan wando da maɗauri ta baya, ya ce ya fi sanyi da araha. Shi fa? Kuma ya ake wanke shi? Mai da ƙaro ba sa barin kayana.

Mai Igiya:

Wannan na 'yan ƙasa ne, a Amurka aka fi sa shi. Yawancinsu bayan ƙafa a buɗe yake, inda ka ji ciwon ke nan, maɗauran kuma suna sarƙewa a reshe da igiya. Bar shi.

Wanki kuwa ka riƙa yi, don mai da ƙaro in sun shiga suna manne zaren. Ka bi abin da aka rubuta a tambarin, ban da bilic, ban da guga a kan wurin kariyar, ka shanya a inuwa. Ranar da sarƙa ta taɓa shi har zare ya fito, ya gama aikinsa.

Ɗan Kawo:

Shi ke nan, C aji na 1. Yanzu na auna, ƙugu 34, na tura wa Yaya. Baba, maganar ƙarfe 11 na karɓa, sai dai akwai wata Hajiya a Malali da ke jirana da mangwaro uku, ita ce ban san yadda zan gaya wa ba.