Ina son haɗa na'urar loda firogiram a maikrokontrola da hannuna, daga ina zan fara?

SabonHannu:
Assalamu alaikum malamai. Ban jima da fara koyon harkar lantarki ba. Ina da Arduino Uno ɗaya, biredibod, da guntayen maikrokontrola ATmega8 da ATtiny85 sababbi fil. So nake in haɗa na'urar da zan riƙa zuba musu firogiram da kaina, ba sai na sayi haɗaɗɗiya ba. Na ga zane iri biyu: wani na tashar siriyal mai resisto uku da dayod, wani kuma USBasp, mai jonawa ta USB. Kwamfutata USB kawai gare ta. Wanne ya fi dacewa da ɗan koyo, kuma me zan tanada?

Mai_Solda:
Wa alaikumus salam. Malam, ka manta da na tashar siriyal ɗin nan. An zana shi ne don tsofaffin kwamfutoci masu ainihin tashar siriyal, wato RS232, inda firogiram ke juya ƙafafun tashar kai tsaye. In ka bi ta wayar da ke mayar da USB siriyal, kowane juyi sai ya jira USB, aikin daƙiƙa biyar ya koma na mintoci, wani lokacin ma ya ƙi gaba ɗaya.

USBasp kuwa akwai ƙulli a cikinsa: shi kansa ATmega8 ne, sai an zuba masa firogiram kafin ya iya zuba wa wani. To ai maganin na hannunka. Uno ɗinka ita ce na'urarka ta farko.

Buɗe Arduino IDE, cikin misalai ka zaɓi ArduinoISP, firogiram ɗin da ke mayar da Uno na'urar lodawa, ka loda wa Uno. Bayan ta gama, ba kafin nan ba, ka sa kafasita 10µF tsakanin RESET da GND na Uno, ƙafa mai tsawo a RESET. Dalili: duk sanda kwamfuta ta buɗe tashar, Uno na sake tashi da kanta, sai butloda, ƙaramin firogiram ɗin da ke karɓar lodi a Uno, ya amsa maimakon ArduinoISP, magana ta ruɗe. Kafasitar ce ke hana wannan. In ka sa ta tun farko kuwa, ArduinoISP ɗin ma ba zai shiga ba.

Waya shida ce duka. Ga ATtiny85: 10 na Uno zuwa ƙafa ta 1, 11 zuwa ƙafa ta 5, 12 zuwa ta 6, 13 zuwa ta 7, 5V zuwa ta 8, GND zuwa ta 4. Ga ATmega8 mai ƙafa 28: 10 zuwa ta 1, 11 zuwa ta 17, 12 zuwa ta 18, 13 zuwa ta 19, 5V zuwa ta 7 da ta 20, GND zuwa ta 8 da ta 22. Ƙirgar ƙafa daga gefen ɗan ɗigon da ke jikin guntun take farawa, tana zagayawa akasin tafiyar agogo. Ka manna kafasita 100nF tsakanin VCC (ƙafar 5V) da GND dab da guntun, sannan resisto 10k daga RESET ɗinsa zuwa 5V.

Kada ka rubuta komai tukuna, fara tambayar guntun sunansa da avrdude, manhajar kwamfuta da ke zuba wa guntu firogiram:

avrdude -c stk500v1 -P COM3 -b 19200 -p t85

Ka canza COM3 zuwa tashar da taka ta nuna. ATtiny85 zai amsa da 0x1E930B, ATmega8 kuma, da -p m8, 0x1E9307. In ka ga 0x000000 ko 0xFFFFFF, galibi ba guntun ne ya lalace ba, waya ce: ko ka musanya MOSI da MISO, wato wayoyin 11 da 12 na Uno, ko wata ƙafa ba ta zauna cikin ramin biredibod ba.

SabonHannu:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara sani. To in Uno ta isa, akwai amfanin haɗa USBasp ɗin kuma?

Kiristal12:
Akwai, don Uno ɗinka za ta huta ta koma wani aikin, kuma a nan ne za ka koyi abin da haɗaɗɗiya ba za ta koya maka ba. Zanen Thomas Fischl ne, ya sake shi kyauta har da firogiram ɗinsa.

Kayan ba su da yawa: ATmega8, kiristal 12MHz, kafasita 22pF biyu, resisto 68Ω biyu, 2.2k ɗaya, 10k ɗaya, dayod zina 3.6V biyu, kafasita 100nF da 4.7µF, LED biyu da resistocinsu, soket na USB, da soket mai ƙafa 28 don kada ka yi solda a jikin guntun.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne ɓangaren USB, bari in tsaya a kansa. ATmega8 ba shi da USB a cikinsa, firogiram ne ke kwaikwayonsa. USB mai ƙaramin gudu na tafiya a megabit 1.5 cikin daƙiƙa, wato a 12MHz bugun agogo takwas kacal guntun ke da shi ga kowane bit. Shi ya sa kiristal ɗin ba abin sassauci ba ne. Ka sa 16MHz ko 8MHz a kan firogiram da aka gina don 12, kwamfuta za ta ce ba ta gane na'urar ba, ko da komai na daidai.

Na biyu, wayoyin D+ da D- na USB a 3.3V suke aiki, guntunka kuwa 5V yake fitarwa. Aikin resisto 68Ω da zina ke nan: su danne ƙarfin ya sauko. Zoben zinar yana kallon wayar data, ɗaya ƙafar a GND. In ka juya ta, wayar ba za ta wuce kamar 0.7V ba. Kuma ka nemi ƙananan zina, rabin wat ko ƙasa da haka. Manyan masu wat ɗaya suna nauyaya wa siginal, wata kwamfutar ta karɓa, wata ta ƙi, ka rasa ina matsalar take.

D- na zuwa ƙafa ta 14, D+ zuwa ta 15 da ta 4 a tare, domin ta 4 ɗin ce ke tada guntun in saƙo ya iso. Resisto 2.2k daga D- yake zuwa 5V, shi ke sanar da kwamfuta an jona na'ura mai ƙaramin gudu. A D+ ba zai yi ba.

Kiristal ya zauna dab da ƙafa ta 9 da ta 10. A biredibod ana iya samu ya yi aiki, amma a allon solda mai ramuka ya fi kwanciyar hankali. A Windows kuma sai ka sa masa direba da manhajar Zadig.

Fiyus_C9:
Malamai sun yi bayani, saura abu biyu da ke sa ɗan koyo ya zubar da guntu lafiyayye.

Na farko gudu. Sabon ATmega8 ko ATtiny85 a 1MHz yake fitowa daga masana'anta, kuma dole SCK, bugun agogon da na'urar lodawa ke aika wa guntun, ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na agogon guntun, wato ƙasa da 250kHz. USBasp kuwa a 375kHz yake farawa. Sai avrdude ya ce guntu bai amsa ba, alhali sauri ne aka yi masa. Rufe gadar rage gudu da ke zanen USBasp, wato ka haɗa ƙafafunta biyu, ko ka ƙara -B 32 a umarnin. ArduinoISP bai da wannan matsalar, an riga an rage nasa.

Na biyu fiyus. Ba fiyus na wuta ba, ƴan bayit ne da ke gaya wa guntu inda zai ɗauki agogo da sauransu, kuma sifili ne ke nufin a kunne, abin da ke juya kan mutane. Ga ATmega8 na USBasp, bayan ka loda firogiram, ka ƙara wannan a umarnin avrdude:

-U hfuse:w:0xC9:m -U lfuse:w:0xEF:m

Da zarar 0xEF ta shiga, guntun ya daina amfani da agogon cikinsa. In babu kiristal a jikinsa zai yi tsit kamar matacce. Mayar da kiristal da kafasitocinsa, zai farfaɗo. Don haka ka jona kiristal tun kafin ka rubuta.

Waɗannan lambobin na ATmega8 ne kawai. Kada ka kwafe su zuwa ATmega88 ko ATtiny85, jerin bit ɗinsu daban ne. Bit ɗin fiyus da za ka kiyaye sosai shi ne RSTDISBL: in ka kunna shi, ƙafar RESET ta zama ƙafar aiki, waya shidan nan ba za su ƙara shiga ba, sai na'urar da ke sa 12V a RESET. Kafin ka taɓa komai, karanta na asali da -U lfuse:r:-:h da -U hfuse:r:-:h ka rubuta a takarda.

Mai_Solda:
Ƙari kaɗan: gadar da ke haɗa RESET na USBasp da soket ɗin ISP, inda ake jona wayoyin lodawa, lokacin zuba masa nasa firogiram kawai ake rufe ta. Ka cire ta kafin ka jona shi da ATtiny85, in ba haka ba kansa zai riƙa kashewa duk sanda ya yi yunƙurin tsayar da guntun.