Mun rabu da babansa, kuma bai yarda yaron yana da ADHD ba. Ya zan yi?

Uwar ɗa ɗaya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san irin wannan hali. Ɗana shekararsa 8, likita ta tabbatar yana da ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, nau'in da ƙiriniya da gaggawa suka fi yawa a cikinsa. Karatu yana ganewa sarai, zaman ne ba ya iyawa. Kafin malama ta gama tambaya ya riga ya faɗi amsa, ba ya jiran layi, ran nan ƙwallo ta gangara titi ya bi ta a guje ko waiwaye bai yi ba. Allah ne ya tsare.

Aurenmu da babansa ya mutu. Ranakun makaranta yana wurina, Juma'a da yamma ya tafi wurin babansa sai Lahadi. An ɗora yaron kan maganin ADHD mai suna methylphenidate, malamarsa ma ta ce ta ga canji. To shi baban a wurinsa babu wata larura, ni ce na sangarta yaro. Kullum maganarsa ɗaya: "Ai ni ma haka nake ina ƙarami, bulala ce ta gyara ni." Maganin da nake sakawa a jaka yadda ya tafi haka yake dawowa. Can babu lokacin barci, waya na hannunsa har dare ya raba. Ran Litinin sai kuka da jifa da takalmi kafin mu fita. Ba na son rigima, don yaron yana ƙaunar babansa ƙwarai.

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki juriya. Bari in fara da maganin, don ki rage wa kanki damuwa. Methylphenidate ba ya taruwa a jiki, ranar da aka sha yake aiki. Mai gajeren zango awa 3 zuwa 4 ne, mai dogon zango yakan kai wajen awa 12. Don haka rashin shansa Asabar da Lahadi ba shi ke ɓata miki Litinin ba, ni barcin nan na fi zargi. Wasu likitocin ma da kansu suke ba da hutun ƙarshen mako, saboda maganin yana rage cin abinci. Amma likita ce za ta yanke wannan, ba fushin uba ba, balle yaron da ke afka wa titi, wanda a ranakun wasa ya fi shiga haɗari. Da atomoxetine ne, wato wani maganin ADHD ɗin daban, da maganar ta bambanta, shi kullum ake sha kuma sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa.

Sannan "ni ma haka nake" ɗin nan, kada ki yi masa musu. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso 70 zuwa 80 cikin 100 a wannan larura, ƙila gaskiyarsa ya faɗa. Kuma ƙa'idar gano ADHD ita ce a ga alamomin kafin shekara 12, su daɗe aƙalla wata 6, a wuri biyu ko fiye. Ke nan likita tana buƙatar jin abin da yake gani a gidansa. Ki gayyace shi a matsayin wanda za a saurara.

Wani uba:
Malama, ni ma a gida biyu muke renon 'yarmu, irin larurar ɗanki gare ta. In gaya miki yadda namiji ke ji: in aka turo yaro da magani da doguwar takardar umarni, abin da yake karantawa shi ne "ba ka iya riƙon ɗanka ba." Daga nan ya toshe kunne.

Mu ba mu yi ƙoƙarin mayar da gidajen iri ɗaya ba, ba zai yiwu ba. Abu uku kawai muka rubuta muka amince: lokacin kwanciya, karɓe waya awa ɗaya kafin barci, da riƙe hannu a bakin titi. Sauran kowa da tsarin gidansa. Saƙo kuma tsakaninmu ne ta waya, ba a bakin yarinya ba.

Batun duka, yaran nan sun san doka tsaf. Birkinsu ne ba ya kamawa da wuri, sai sun aikata suke tunawa, kuma bulala ba ta gyara wannan. Abin da ya yi mana aiki shi ne umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ina kallon idonta, in ta yi kuma in yaba nan take. Alkawarin kyauta sai ƙarshen wata ba ya tasiri a kanta ko kaɗan.

Uwar ɗa ɗaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi likita ta ba mu ranar da baban yaron ba ya aiki. Ina tunanin in roƙe shi ya riƙa dawo da yaron Lahadi da la'asar maimakon dare, ko zai samu ya natsu kafin barci. Yallaɓai, ku wa ke kai yarinyar, kai ko mamanta?

Wani uba:
Wanda za ta bar gidansa shi ke kai ta. In aka zo ɗaukarta tana tsakiyar wasa, rikici ne. Nakan sanar da ita saura minti 15, in sake faɗa saura 5, maganin kuma hannu da hannu nake miƙa wa mamanta, ba na barinsa a jakarta.