Wace kalma ta dace da ruwan da ke faɗowa daga kan dutse?

Malamai da 'yan uwa masu kishin Hausa, ina neman shawararku a kan wasu kalmomi da mai rubutu kan yawon buɗe ido ba ya iya kauce musu. Misalin da zan kafa hujja da shi shi ne Silver Falls, wani daji da gwamnatin jihar Oregon ta Amurka ta keɓe ta kuma buɗe wa jama'a a 1933, wanda ya yi suna saboda wata hanyar ƙafa mai tsawon kimanin kilomita 12 da ke ratsa wurare goma inda ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Abin da Turawa ke kira "waterfall" shi ne ya fi damuna, domin sau da yawa ana fassara shi da "magudanar ruwa", alhali duk Bahaushen da ya ji wannan, kwata ko lambatu ne zai faɗo masa a rai. Gudu daban, faɗowa daban. A South Falls, wanda ya fi shahara a dajin, ruwan yana sakin bakin dutse ne ya faɗo tsawon mita 54, kuma da yake dutsen sama mai tauri ne, na ƙarƙashinsa mai laushi ya zaizaye ya bar kogo, har hanya ta bi ta bayan ruwan, mai tafiya yana kallonsa ta ciki, feshi na jiƙa masa riga. Kiran wannan wuri magudana rage masa daraja ne.

Shawarata ita ce mu ɗauki "matsirga". Asalinta aikatau ne, tsirga, wato dira daga sama zuwa ƙasa, kuma ƙirarta irin ta sunayen wuri ce kamar mashaya da mahauta. Ba ƙirƙira ce sabuwa ba, tunda da wannan suna aka san ruwan da ke kusa da Kafanchan a jihar Kaduna, abin da ya rage kawai shi ne mu faɗaɗa ta ta zama suna gama-gari, mu ce matsirgar Gurara, matsirgar Farin Ruwa, matsirgar Nayagara. Jam'inta sai ya zama matsirgu, bisa tsarin makarantu da ma'aikatu. Na san akwai masu fifita "mafaɗar ruwa", kuma ma'anarta a fili take, sai dai kalmomi biyu ne, ga shi a rubutun da ba a sa ƙugiya tana iya rikicewa da mafada.

Sauran biyun ba su da wuya sosai. "Hiking" tattaki ne, hanyarsa kuwa turba, ba burtali ba, domin burtali na shanu ne. "State park" kuma ina ganin "gandun shaƙatawa na jiha" ya wadatar, saboda gandun daji ya riga ya tafi ga wurare irin su Yankari, inda namun daji ne abin kallo.

Ga jimlar gwaji: "Mun yi tattaki a kan turbar matsirgu goma da ke gandun shaƙatawa na jihar Oregon." Ina roƙon 'yan uwa na Sakkwato, Katsina da Damagaram su karanta ta da ƙarfi, su gaya mana ko ta zauna a kunnensu.