Tsakanin Kano da Jidda: Musayar Baitoci

Tela daga Fagge:
Daren jiya ƙanena da ke tuƙi a wani gida a Jidda ya kira ni, muna tsaka da magana cajina ya ƙare. Ga abin da ban samu na faɗa masa ba.

Ƙanena, yau kwana biyu ba mu ga wuta,
Keken ɗinkina ya yi barci ya huta,
Tun Mayun 2023 kuke jin mu muna ƙuta,
Da aka janye tallafin mai, kuɗin lita
Ya hana ni tada inji ko na awa ɗaya.

Riyal ɗinku tun 1986 ba ya motsawa,
3.75 a kan dala, ba ya zamewa,
Tamu nairar kuwa ta sha ramewa,
Buhun shinkafa a Singa ya sha hawa,
Nemo min biza in haɗa kayana gaba ɗaya.

Direba daga Jidda:
Yaya, na ji, kuma ban musa ba. Amma ka saurari nawa.

Gaskiyarka Yaya, wutar nan ba ta ƙiftawa,
Ka murɗa famfo, ruwa na ta kwararowa,
Na teku ne suka tace don shan kowa,
Jirgin ƙasa daga Makka yake shararawa,
Awa biyu da 'yan mintoci ka shiga Madina lafiya.

Amma ni baƙo, raina a rataye yake da takardar zama, igama,
Sunan kafili na ciki, shi ne a sama,
Ran da ta mutu, ganin shurɗa, 'yan sandan nan, sai ka hau kyarma,
Gidan tsare baƙi na Shumaisi ake kai duk wanda aka kama,
Jirgi ya dire shi Kano, ba guzuri sai kunya.

Ka san abin da ya sa iyalina ke Kurna?
Riyal 400 duk wata za a karɓa, ɗan'uwana,
A kan kowane kai, matata da 'ya'yana,
Ga harajin kashi 15 a kan cefanena,
Mu shida muke kwana ɗaki guda kamar kaya.

Ranar da ɗiyata ta fara takawa,
A waya na gani, hawaye na zubowa.

Kawu mai hatsi a Dawanau:
'Ya'yana, ku ba ni wuri in sa baki. Na je Hajji na ga abin da idona, kuma tun da na dawo abu ɗaya ke cin raina.

Can babu kogi mai gudu duk shekara,
Mu ga Tiga, ga Chalawa, ga shinkafar Kura,
Amma a layinmu ɗan garuwa ke tura kura,
Jarka nake saye, tun asuba nake jira,
Abin nan na hana ni barci, ya ku 'ya'ya.

A 2024 gangar mai wajen miliyan 9 kullum suke haƙowa,
Mutum miliyan 30 da ɗoriya ke rabawa,
Mu mun haura miliyan 200, ga yawan haihuwa,
Man namu bai kai ganga miliyan 2 ba kuwa,
Tuwon kaɗan ne, hannuwa sun cika akushi ɗaya.

Duk da haka ba na karɓar wannan uzuri,
Mai kogi a bayan gida ya kwana da ƙishi a gari?

Tela daga Fagge:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ƙanena, wallahi ban san ku shida ne a ɗaki ba, ba ka taɓa faɗa min ba. Ka yafe min gorin da na yi maka.

Bar batun bizar nan, zan ci gaba da zama tela,
Kuɗin da za ta ci, mu haɗa mu sa sola,
Ko keke ɗaya ta ja min, da fanka da fitila,
Inna na tambaya ko za ka zo Babbar Salla,
Na yanka wa ɗiyarka riga, saura in sa mata wuya.

Direba daga Jidda:
In kafili ya ba ni hutu, Yaya, ina hanya,
Ka ƙara wa rigar tsawo, na ga ta girma a hoton jiya.