Dogayen finafinan katun na iyali: na ƙananan yara ne ko na manya?

Malam Sagir:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da na kawo ita ce, dogon fim ɗin katun da ake ce wa na iyali, irin wanda Disney da Pixar suke fitarwa, ba don ɗan shekara uku ko huɗu aka yi shi ba. Masu shekara bakwai zuwa sama da iyayensu, su ne masu kallonsa na gaskiya. Hujjata ta farko tsawonsa. Toy Story na 1995 minti 81 ne, Finding Nemo na 2003 minti 100, Spirited Away na 2001 kuwa ya haura awa biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada zamansa a gaban allo ya wuce awa ɗaya a yini. Fim guda ke nan ya cinye kason yini da rabi. Hujja ta biyu, yadda ake gina labarin. Abin da aka shuka a minti na 10 sai a minti na 70 ake girbe shi, ƙaramin yaro kuwa fitowa ɗaya-ɗaya yake riƙewa. A Finding Nemo, zai gaya maka ɗan kifi ya gudu, amma ba zai iya gaya maka abin da ya sa uban ya hana shi nisa ba.

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam. Malam, tsawo ba hujja ba ce, don babu wanda ya ce sai an kalle shi a zama ɗaya. A raba shi uku, kowane zama minti 25 zuwa 30, a tsayar a inda fitowa ta ƙare kuma jarumin yana cikin aminci, kada a tsayar ana tsakiyar bin sa da gudu. Kafin a ci gaba washegari a tambayi yaron, jiya ina muka tsaya? Wannan tambayar ita ce take ƙulla masa zaren da ka ce ba ya iya riƙewa. Sannan ƙaramin yaro da maimaici yake fahimta. Masu shirin talabijin na yara Blue's Clues sun san haka, shi ya sa suka riƙa nuna kashi ɗaya kwana biyar a jere. Kuma ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. My Neighbor Totoro na 1988 babu mugu a cikinsa ko ɗaya, tafiyarsa a hankali take, ana tsayawa a kan ruwan sama da tsiron iri har yaro ya ƙare musu kallo.

Dakta Aminu:
Hajiya, rabawa tana maganin gajiya, amma ba ta maganin tsoro, kuma a nan aka fi samun matsala. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta daɗe tana bincike a kan abin da ke firgita yara a allo. Abin da ta nuna shi ne, yaron da bai kai shekara bakwai ba kamanni ne ke ba shi tsoro: mummunar fuska, manyan haƙora, musamman kuma rikiɗa, wato wanda ya sani ya juye ya zama wani abu. Ko da halittar mai kirki ce a labarin, in fuskarta ta munana, shi ke nan. In ya haura takwas sai tsoron ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske, kamar gobara, ɓata, ko rasuwar iyaye. Ku dubi farkon Spirited Away, inda iyayen yarinyar suka rikiɗa suka zama aladu tana kiransu ba sa amsawa. Ɗan shekara goma zai ɗauke shi a matsayin mafarin labari. Ɗan shekara huɗu kuwa abu biyu mafi muni a wurinsa aka haɗa masa lokaci guda, rikiɗa da rasa iyaye. Ce masa "ai ba gaske ba ne" ba ta cika yin aiki a wannan shekarun, domin bai gama raba zane da gaskiya ba. Abin da ke aiki shi ne a ɗora shi a cinya, a rage sauti, ko a kashe.

Ga kuma batun mutuwa. A Disamba 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya gwada finafinan katun na yara 45 da suka fi kasuwa da finafinan manya 90. An samu cewa manyan jaruman katun sun fi fuskantar mutuwa da kusan ninki biyu da rabi, kuma sau da yawa iyaye ne ake kashewa. Tun Bambi na 1942 ake wannan. Yawancin yara kuwa sai tsakanin shekara biyar da bakwai suke gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa.

Malama Rabi:
Abin da ke yaudarar iyaye shi ne harafin da ke jikin fim. A Ingila hukumar tace finafinai ta BBFC tana sa U ga wanda take ganin ya dace da ɗan shekara huɗu zuwa sama, PG kuma wanda bai kamata ya tayar da hankalin ɗan shekara takwas ba. A Amurka akwai G, wato na kowa, da PG, da PG-13 mai gargaɗi ga 'yan ƙasa da shekara 13. Yawancin manyan finafinan katun na yanzu PG ne, wannan kuwa yana ƙarfafa maganar Malam Sagir. Harafin ma kansa ana kuskurensa. Watership Down na 1978, labarin zomaye mai jini da shaƙewa a tarko, U aka ba shi, sai bayan fiye da shekara 40 aka mayar da shi PG. Don haka a karanta ɗan bayanin da ke tare da harafin, inda ake faɗin irin tsoro ko faɗan da ke ciki. Tallar fim ba abin dogaro ba ce, wuraren ban dariya kaɗai ake tsinkowa.

Usman:
Akwai ɓangaren da ba na labari ba. A silima duhu ne, allon ya cika ido, kuma ana haɗa sautin ne da tazara mai yawa tsakanin raɗa da ƙara, ta yadda tsawa za ta faɗo ba zato. Fim ɗin da yaro zai jure a falo da rana yana iya sa shi kuka a can tun kafin a gama tallace-tallace. A gida a bar fitila a kunne, in talabijin tana da tsarin sautin dare a kunna shi, yana danne ƙarar ya ɗaga maganar. Sai walƙiyar haske. A Disamba 1997 a Japan, wani kashi na shirin katun na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi ya sa aka kai yara fiye da 600 asibiti. A 2018 ma sai da gidajen silima suka liƙa gargaɗi a kan Incredibles 2. Yaro mai farfaɗiya, a fara neman wannan gargaɗin kafin komai.

Malam Sagir:
To ga abin da nake faɗa. Ku ɗauki Up na 2009. A farkonsa akwai kimanin minti huɗu babu magana, ana nuna aure, da zama a ɗakin likita matar ta rufe fuska tana kuka, da kwalbar tara kuɗin tafiya da ake ta fasawa saboda lalura, har zuwa rasuwarta. Wa aka yi wa wannan? Wanda ya san rashin haihuwa da burin da tsufa ya riske shi. Inside Out na 2015 ma, gaba ɗayansa yana cewa ne baƙin ciki yana da amfaninsa. Wannan magana ce ta mai shekara goma sha ɗaya da uwarsa.

Hajiya Binta:
Malam, don babba ya zubar da hawaye ba shi ke nuna an kori yaro ba. Fim ɗin hawa biyu ne, kowa da nasa. A Up ɗin nan akwai gida da balan-balan suka ɗaga sama, akwai kare mai magana, kuma da gangan aka sa su. Rabin awar farko ta WALL-E na 2008 kusan babu zance, motsi ne da idanu, ɗan shekara biyar yana bin sa tsaf. Na yarda a kan 'yan ƙasa da huɗu, gajeren shiri na minti 7 zuwa 11 ya fi musu. Amma daga biyar zuwa bakwai ban yarda a rufe ƙofa ba. Babba ya fara kallo shi kaɗai, ya rubuta mintin da abin tsoro yake, ranar kallo a tsallake wurin.

Dakta Aminu:
Tsallakewa tana yiwuwa a wani fim, a wani kuma ɓarna take yi. A Finding Nemo harin da ya kashe uwar yana zuwa ne kafin sunan fim ya fito, in aka fara daga ranar shiga makaranta labarin yana tsaye da ƙafarsa. A The Lion King na 1994 kuwa mutuwar Mufasa, uban ɗan zakin, ita ce ginshiƙi. In kika cire ta, yaron zai ga ɗan zaki yana gudu shi kaɗai a cikin hamada ba dalili, ya yi ta tambayar ina babansa, abin da zai ƙirƙiro a ransa kuma yana iya fin na allo muni. Irin wannan ko dai a gaya masa tun kafin a kunna cewa baban zai mutu kuma ɗan zai tsira, ko a ajiye fim ɗin sai ya kai bakwai.

Hajiya Binta:
Gaya masa tun farko na fi so, Dakta. Kuma a kalla da rana, a bar aƙalla awa biyu tsakaninsa da barci, don tambayoyinsa su fito tun ido biyu.