Block device da Hausa: bulo ne ko mudu?

Jama'a assalamu alaikum, ku matso yau neman kalma za mu yi. Shekaranjiya da daddare a ɗakina nan Samaru ina koya wa ƙanina yadda ake harhaɗa kanal na Linux da kanka, muka buɗe make menuconfig, wato shafin da ake zaɓar abin da za a sa a cikin kanal, muka zo kan Block devices, yaron ya ce Yaya wannan da Hausa me za a ce? Na ce masa na'urar bulo. Ya kalle ni ya ce bulo na gini? Wallahi tun daga nan kalmar ta fita raina.

Kanal ɗin ma rigima ce, in ka faɗa a gaban dattijo sai ya ɗauka hafsan soja kake nufi. Wani ya taɓa cewa a kira shi ƙwaya, na ce to je ka faɗa wa maƙwabta kana harhaɗa ƙwaya a ɗaki ka ga abin da zai biyo baya. Ni cibiya nake cewa, ita ce ke tsakanin manhajojinka da ƙarafan kwamfuta, irin wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma ita ce a cikin kowace wayar Android da ke aljihunku. Wannan mun wuce.

To me ya sa bulo bai yi ba? Bature ba siffa yake nufi ba, awo yake nufi. Faifan kwamfuta ba ya ba ka bayit ɗaya tilo, ko harafi ɗaya kake so sai an ɗebo maka awo guda cikakke, bisa al'ada bayit 512, sababbin faifai da yawa kuma 4096. Abu na biyu, kana iya cewa a ba ka awo na dubu tara yanzu, an jima ka ce na uku, ba sai ka bi layi daga farko ba. Ka je kasuwar Sabon Gari wajen masu hatsi ka ce a ba ka ƙwayar masara bakwai mana, dariya za su yi maka, mudu ne ko tiya, haka ake sayarwa. Shi ya sa na ce abin nan mudu ne, kuma inda ake ɗebowa rumbu ne. Na'urar mudu-mudu, ko a taƙaice rumbun mudu.

Kishiyarta kuwa, wadda suke kira character device, kamar kibod ko taminal, ita famfo ce, abin da ya zubo shi za ka tara, ba ka ce wa famfo ba ni ruwan ɗazu. Na'urar kwarara ke nan. Ku buga ls -l /dev/sda, wato faifan farko a kwamfutarku, ku gani da idonku, harafin farko a layin b ne, ga lamba 8, 0 a tsakiya, 8 ɗin lambar gidan da ke kula da faifan ce. Ku gwada /dev/tty kuma za ku ga c.

Wani malaminmu da na tura wa a WhatsApp ya ce, ɗana, ai mudu ba ya da tabbas, na wannan kasuwa daban na waccan daban, wasu ma har bubbuga gindinsa suke yi. Na ce Allah ya gafarta Malam, ai nan ne ma ya dace, wani faifan 512 wani 4096, kowane rumbu da mudunsa, abin da ake buƙata kawai kar ya canza a tsakiyar ciniki. Ya turo min dariya, bai ce ya yarda ba amma bai sake musu ba.

Sai direba. Wannan ta riga ta shiga bakin mutane, masu gyaran kwamfuta a PZ duk direba suke cewa, kuma ba zan yi faɗa da su ba. Amma in koyarwa kake yi tana ɓatar da yaro, yana jin direba sai tashar Kwangila ta faɗo masa. Abin nan ba ya tuƙa komai, fassara yake yi. Cibiya ta ce ina son mudu kaza, shi kuma ya juya maganar zuwa yaren da wannan faifan ke ji, na SATA yarensa daban, na NVMe daban, memorin waya daban, shi ya sa sunayensu ma suka bambanta, sda da nvme0n1 da mmcblk0. Tafinta ne. Mu da muke garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata kalmar tafinta ta yi mana nisa ba.

Kuma ga inda kalmar ta yi min aiki. A menuconfig kusan kowane tafinta zaɓi uku gare shi, ka danna y a gina shi cikin jikin cibiya, ka danna m ya zama ɗan haya da ake ajiyewa a /lib/modules sai an buƙace shi a kira, ko n a bar shi gaba ɗaya. Ƙanina da wayonsa ya ce bari mu rage wa cibiya nauyi, ya sa wa AHCI, wato tafintan faifanmu na SATA, m, ni kuma ina can ina fama da caji don an ɗauke wuta ban lura ba. Muka jira ta gama harhaɗawa kusan awa biyu a tsohuwar laftof ɗin nan mai fanka kamar injin markaɗe, muka sake kunnawa, sai baƙin allo da rubutu: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0). Sifili da sifili, wato ba ta ga rumbu ko ɗaya ba.

Da na ce masa direban bulo ne ya ɓata ba abin da zai gane. Sai na ce, ka ajiye tafinta a cikin rumbu ka kulle, kuma sai da tafintan ake iya cewa a buɗe rumbun. Nan take ya dafa kai ya ce innalillahi, makulli a cikin ɗaki. Magani biyu ne, ko ka mayar da shi y, ko ka haɗa initramfs, wato ƙaramin ƙunshi da ake loda wa cibiya tun kafin ta taɓa faifai, tafintocin farko na ciki. Wannan guzuri na sa masa suna, kuma ina ganin ba mai ja da ni a kai.

Wani tarkon da ya kamata ku sani, shafin nan mai suna Block devices ba nan tafintan faifanka yake ba, su loop da RAM disk da virtio ne a ciki. Na SATA yana ƙarƙashin wani shafin daban mai ɗauke da sunan libata, kuma dole ka kunna SCSI disk support ko da ba ka taɓa ganin faifan SCSI a rayuwarka ba, domin ta wannan ƙofar Linux ke bi da SATA, har filash ɗin USB ma ta nan yake shigowa ya zama sdb. Kafin ka taɓa komai buga lspci -k a tsohuwar cibiya, za ta faɗa maka tafintan da ke kan aiki yanzu, ka rubuta a takarda.

Wadda ta gagare ni ita ce loop ɗin nan. Fayil ne kawai zaune a cikin faifai amma a yi masa kwalliya ya fito a /dev/loop0 kamar shi ma rumbu ne, har ana awo daga cikinsa. Ƙanina ya ce rumbun bogi, ni na ce bogi ta yi nauyi tunda hatsin ciki na gaske ne, na fi karkata ga rumbun aro ko ɗan rumbu. 'Yan'uwa na Kongo da Tudun Wada masu Hausa a baki, wanne za mu ɗauka?